Kaset ɗin gem marasa lasisi: Tengen, Camerica, Color Dreams, manyan giwaye ko na Taiwan, wanne za ka zuba wa kuɗi?

Duk wanda ya shiga harkar tara tsofaffin kaset ɗin gem na zamanin NES da Famicom, wato injin gem na Nintendo na Amurka da takwaransa na Japan, ba ya daɗewa yake cin karo da waɗanda aka buga ba da izinin Nintendo ba, kuma a nan ne kai yake ɗaurewa, don za ka ga wani baƙin kaset an sa masa dala goma sha biyar, gefensa wani da ko kyan gani ba shi da shi an kafa masa dala dubu biyu, kuma kowane mai sayarwa rantsuwa yake cewa nasa ba a samunsa. To in kana da 'yan kuɗinka a hannu kana ta jujjuya wane layi za ka bi, zauna mu baje su ɗaya bayan ɗaya.

Asalin maganar dai daga 1985 ta faro, lokacin da Nintendo ta kai NES Amurka. Ta saka wani ɗan aisi a cikin injin, 10NES, wanda aikinsa gadi ne kawai, in kaset ba shi da abokin wannan aisin a cikinsa sai injin ya yi ta kashe kansa yana kunnawa, jar fitila tana ƙyaftawa, ba gem ba dalilinsa. Kamfanin da yake son abokin aisin kuwa dole ya sa hannu a kan sharuɗɗa masu tsauri, Nintendo ce za ta ƙera maka kaset ɗin da kanta ka biya, kuma ba za ka fitar da gem fiye da biyar a shekara ba. Waɗanda suka ce ba za su iya ba su ne suka nemi hanyar zagaye mai gadin, kuma kayansu ne muke magana a kai yau.

Amma ka raba abu uku tun yanzu don kar a yi maka dungu. Akwai kamfanin da ya rubuta gem ɗinsa da kansa, ko ya sayi haƙƙinsa a hannun mai shi, Nintendo ce kawai bai biya ba. Akwai mai satar fasaha da ya kwafi gem ɗin wasu ya cusa a kaset. Sannan akwai jabun zamani, wanda aka buga bara ko bana aka manna masa sitika kamar na 1991. Na farko shi ne mai daraja a wurin masu tarawa, na biyu sai an tsince, na uku kuwa kuɗin roba da fanel kawai ya ci.

Ma'aunin da zan bi

Farashi shi ne na farko, amma ba wanda mai kaya ya rubuta ba, wanda aka biya aka ɗauka. A eBay akwai inda za ka danna ya nuna maka abin da aka riga aka sayar kaɗai, shafin intanet na PriceCharting kuma yana tattara irin wannan cinikin ya raba maka gida uku, tsuran kaset, mai kwali da ɗan littafinsa, da wanda yake dal a leda. Tsakanin tsura da mai kwali sau da yawa ninki biyu ne ko uku ko fiye, don haka kar ka ɗauki farashin wannan ka ɗora wa wancan. Alƙaluman da zan kawo a ƙasa na tsuran kaset ne kuma awon gaba ɗaya ne, kasuwar tana hawa tana sauka.

Na biyu, kuma a wurina shi ya fi kowanne nauyi, shin za ka iya tabbatar da cewa na asali ne? Kaset mai lasisi yana da sauƙi, ka buɗe ka ga an buga sunan Nintendo a jikin fanel. Marasa lasisi kowa da irin nasa aikin, wasu tun asali aikin gaggawa ne da araha, har na gaskiyar ma kama yake da jabu. Sai ƙarko, wato roba da sitika da aisin da gem ɗin yake ciki. Sai sauƙin kunnawa, don ba kowanne ne yake tashi a kowane inji ba. Sai na ƙarshe, ranar da ka matsu kana son kuɗinka, akwai mai saye? Akwai kuma wata tambaya da masu lissafin riba suke tsallakewa, gem ɗin yana da daɗin bugawa kuwa, don in farashi ya faɗi shi ne abin da zai rage maka a hannu.

Tengen

Tengen reshen Atari Games ne. Da farko sun karɓi lasisi har suka fitar da Pac-Man da Gauntlet da R.B.I. Baseball a kaset mai ruwan toka irin na kowa, sai a ƙarshen 1988 suka juya baya suka maka Nintendo a kotu suka fara buga nasu baƙin kaset mai gantsararren kai. Aisinsu na buɗe ƙofa sunansa Rabbit, kuma yadda suka same shi ne ya kayar da su a shari'a, don lauyoyinsu sun je ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka sun karɓo rubutun 10NES da hujjar da ba gaskiya ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya a bayan Nintendo a 1992.

Ga mai tarawa wannan tarihin alheri ne, saboda Rabbit magana yake da mai gadin cikin lumana, ba dukansa yake ba, shi ya sa kaset ɗin Tengen yake tashi lafiya a NES na Amurka. Aikin ƙirar ma na babban kamfani ne, roba mai kauri, fanel mai tsabta da sunansu a jiki. Duka-duka gem ɗinsu wajen ashirin ne, ka ga layi ne da mutum zai iya kammalawa, kuma akwai abin dariya a ciki, gem ɗin Sega irin su Shinobi da After Burner da Fantasy Zone a kan injin Nintendo. Yawancinsu tsakanin dala 10 zuwa 30 suke.

Sarkinsu shi ne Tetris. Ya fito a watan Mayu na 1989, bai fi wata guda a kanti ba kotu ta ce a kwashe, saboda Nintendo ce ta samu haƙƙin buga shi a injin gida daga hukumar Elorg ta Tarayyar Sobiyet. Ed Logg ne ya rubuta na Tengen, kuma yana da wasan mutum biyu a lokaci ɗaya wanda na Nintendo ba shi da shi, shi ya sa har yau wasu suke cewa ya fi. To amma kar labarin kwashewar ya ruɗe ka, kafin a kwashe an riga an sayar da dubbai masu yawa, kullum akwai shi a kasuwa, tsuransa bai cika wuce dala ɗari da 'yan kai ba. Suna ne ya ɗaga shi ba ƙaranci ba. Shi kaɗai ne a gidan Tengen da masu jabu suke damuwa da shi sosai, sauran ribar ba ta kai wahalar ba.

Camerica da Codemasters

Camerica kamfanin Kanada ne, gem ɗin kuma Codemasters na Ingila ne suke rubutawa, su ne ma suka ƙirƙiro Game Genie, na'urar da ake saka lambobin maguɗi a gem da ita. Kaset ɗinsu ruwan gwal ne, wasu ruwan azurfa, da ɗan makunni a baya mai matsayi biyu, in bai tashi a wannan ba ka tura ɗaya. In daɗin bugawa kake nema a nan yake, Micro Machines na 1991 ko a cikin masu lasisi ba kasafai ake samun gem ɗin tsere da ya kai shi ba, ga The Fantastic Adventures of Dizzy, ga jerin Quattro masu gem huɗu-huɗu. Farashi gomomin daloli ne, jabu kaɗan ne. Matsalarsu fenti, ruwan gwal ɗin nan yana gogewa a gefe-gefe inda kaset yake gugar bakin inji, samun mai sheƙi ba tabo shi ne aikin.

Sai Aladdin Deck Enhancer, wanda darasi ne babba ga duk mai lissafin ƙaranci. Wani ƙoƙon kaset ne da ake cusa ƙananan kaset a cikinsa don gem ya yi araha, ya zo a makare, Camerica ta durƙushe a 1993, kaya suka kwanta a sito. Daga baya aka fito da su kwali-kwali, shi ya sa yau za ka samu abin da ya shekara talatin dal a leda a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Duk abin da bai karɓu ba a zamaninsa, ka sa a ranka wataƙila akwai sito cike da shi a wani gari yana jiran a buɗe. Masu harkar kuma suna gargaɗin kar a cusa Aladdin a ƙaramin NES na 1993 mai baki a sama, yana iya yi masa illa.

Color Dreams, Wisdom Tree da ire-irensu

Su waɗannan ba su tsaya lallashin mai gadi ba, wuta suke watsa masa ya suma na ɗan lokaci gem ya wuce. Dabarar ta yi aiki har Nintendo ta gyara fanel ɗin injinan da ta fitar daga baya, shi ya sa kaset ɗaya zai tashi a NES ɗin abokinka ya ƙi tashi a naka, ka zaci matacce ne alhali lafiyarsa lau. Maganin da aka saba shi ne ko dai a yanke ƙafa ta huɗu ta aisin gadin a cikin injin, ko a nemi NES mai baki a sama wanda ba shi da mai gadi sam.

Color Dreams na Kalifoniya ne, kaset ɗinsu shuɗi ne mai haske, daga baya baƙi, kuma gem ɗaya yana iya zuwa a launi biyun da farashi daban. Gem ɗin gaskiya yawanci ba daɗi, in ka cire irin su Crystal Mines. Da shaguna suka fara gudun kayansu don tsoron ɓata wa Nintendo rai sai suka rikiɗe suka zama Wisdom Tree suka koma sayarwa a shagunan littattafan Kirista, inda Nintendo ba ta da ta cewa. Bible Adventures na 1991 an sayar da wajen 350,000, saboda haka araha ne, amma irin su Sunday Funday na 1995, wanda Menace Beach ne aka sauya wa riga, ɗaruruwan daloli ne. Suna da kuma Super 3D Noah's Ark na 1994 a Super Nintendo, wanda sai ka ɗora masa wani kaset mai lasisi a kansa kafin ya tashi, kuma an sake buga shi a kaset a 2014, ka lura da wanne ake miƙo maka.

Abu biyu zan faɗa a nan. Ɗaya, kayan Wisdom Tree suna nuna surar annabawa a matsayin 'yan wasan gem, Annabi Nuhu da Annabi Musa da Annabi Dawuda, alaihimus salam, musulmi da yawa ba za su so ajiye wannan a gida ba, ɗan'uwa kirista kuma wataƙila wannan layin ne ma zai fi jan hankalinsa, kowa dai ya san abin da yake saya. Biyu, tantancewa a wannan gidan tana da wuya. Dokar da ake koya wa sabon shiga ita ce in ka buɗe kaset ka ga aisi irin wanda ake rubutawa da hannu a shago to jabu ne, amma ƙananan kamfanonin nan da yawa tun asali irinsa suka yi amfani da shi saboda ba sa buga da yawa. Sai dai ka ɗauki hoton fanel ka gwada da na NesCartDB, shafin da yake tara hotunan fanel na kaset ɗin NES, ka kuma karanta lambobi huɗun da ke jikin aisin, misali 9023 yana nufin mako na 23 a 1990. Irin wannan aisin kuma shi ne wanda rubutun cikinsa yake iya zubewa in shekaru sun ja, ƙarkonsa bai kai na Tengen ba.

American Video Entertainment, wato AVE, masu Krazy Kreatures da Maxi 15, kusan nan ajinsu yake. Su kuwa kaset uku na Panesian na batsa ne, tsadarsu ta fitar hankali ce, ga haɗarin jabu, ka bar su inda ka gan su.

Manyan giwaye

Waɗannan su ne kaset ɗin da suka fi tsada, kuma a nan ne ake jin labaran da suke sa mutum ya kasa barci. Action 52 na Active Enterprises ya fito a 1991 a kan dala 199, gem 52 a kaset ɗaya mai roba garai-garai da ana hango fanel ta ciki, kuma kusan dukkansu shirme ne, wasu suna sandarewa, wasu ma a wani bugun ko tashi ba sa yi. Munin nasa ne ya yi masa suna a YouTube, sunan ya ja farashi zuwa ɗaruruwan daloli. Alherinsa ɗaya, tunda robar ana gani ta cikinta kana iya duba fanel ba tare da ka kwance komai ba.

Cheetahmen II ba a taɓa sayar da shi a kanti ba, a 1996 aka tarar da guda 1,500 a wani sito, an zuba su a robar Action 52 an manna ɗan sitika mai ruwan gwal. Gem ɗin ma bai kammalu ba, akwai inda in ka kai ba gaba. Dubban daloli ne. A 2012 kuma an tara kuɗi a Kickstarter, shafin karo-karo na intanet, an buga wani gyararre da izini, wanda shi ma kaset ne na gaske amma ba shi ne na siton ba, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Myriad 6-in-1. Caltron ne suka fitar da 6-in-1 a 1992, da suka rufe sai wani kamfani a Texas mai suna Myriad ya sayi ragowar ya manna nasa sitika mai lamba a kai, ko sunan Caltron da yake fitowa a talabijin bai goge ba. Lamba mafi girma da aka sani ita ce 888. Ka ga ke nan ciki ɗaya ne, roba ɗaya ce, bambancin kuɗin duk a kan takarda yake, kuma takarda ita ce abin da ya fi sauƙin bugawa a duniya. Sayen wannan ta hoto cinikin biri a sama ne.

Can sama kuma akwai irin su Air Raid na Atari 2600, wani tsohon inji da ya riga NES fitowa, shuɗin kaset mai mariƙi kamar harafin T, wanda aka sayar dala 31,600 a 2010, wani cikakke da littafinsa ya kai 33,433 a 2012. Wannan na kallo ne, 'yan ƙalilan ne a duniya kuma masu su an san su.

Kar a manta da abin da ya faru a 2021, lokacin da Super Mario 64 a leda ya tashi dala miliyan 1.56 a gwanjon Heritage, kowa ya rikice, komai tsoho ya yi tsada har marasa lasisi. A 2022 aka shigar da ƙarar Wata, kamfanin da yake auna kaset ya rufe a akwatin roba ya ba shi maki, bisa zargin hura farashi, kasuwar kuma ta lafa, waɗanda suka saya a ƙololuwa da yawa har yau ba su ga uwar kuɗinsu ba. Akwatin Wata ko na takwarorinsa VGA da CGC yana rage fargabar jabu, amma yana ƙara kuɗi, kuma ba za ka taɓa kunna abin ba.

Na Taiwan da Chana

Wannan shi ne layin da muka fi sani ko da ba mu san sunansa ba. Famicom ta Japan ba ta da mai gadi, haƙoran kaset ɗinta 60 ne ba 72 irin na NES ba, shi ya sa kwaikwayonta ya cika duniya, Dendy a Rasha, Pegasus a Poland, mu kuma namu injinan da ake sayarwa a kasuwanni irin su Sabon Gari da bindigar harbin agwagwa da ɗorawar kaset an rubuta 9999999 in 1. Ka kunna ka ga bakin teku da tsuntsaye suna shawagi a saman jerin sunaye, ka yi ta gangarawa, ashe Mario ne da tanka da agwagwa da wasu biyu-uku ake ta maimaita maka daga mataki daban-daban.

Bari in faɗa kai tsaye don na san akwai mai kwali cike da su a ƙarƙashin gado yana lissafi, waɗannan ɗorayen ba su da kuɗi. An buga miliyoyi, har yau ana bugawa. Ka ɓalle ɗaya za ka ga ɗan guntun fanel da baƙin ɗigon gam a tsakiya maimakon aisi mai ƙafafu, in ya mutu ba mai gyara, robar kuma ƙugiyoyi ne suke riƙe da ita ba noti ba, buɗewa ɗaya ta karye.

Amma a cikin tarin nan ne ake tsintar na kirki. Sachen, wato kamfanin Thin Chen na Taiwan, gem ɗin kansu suke rubutawa. Hummer Team kuwa, su ma na Taiwan, gwanaye ne na gaske, su suka sauko da Street Fighter II zuwa Famicom, suka yi Kart Fighter, suka yi Somari a 1994 wanda Sonic ne aka cire shi aka sa Mario yana gudu a madadinsa, har Super Mario World sun matse a injin da bai kamata ya iya ɗauka ba. Daga baya kamfanonin Chana irin su Waixing da Nanjing suka karɓa, har Final Fantasy VII an yi wa na Famicom a 2005. Bugun farko na irin waɗannan, na shekarun 1990, mai nauyi a hannu, mai cikakken fanel da sitika mai kyau, yana da masu nemansa a Rasha da Poland da Amurka ta Kudu da Taiwan ɗin kanta. Sai dai babu tsayayyen farashi, PriceCharting bai ƙunshi yawancinsu ba, kuma gem ɗaya an sake buga shi sau barkatai a hannun mutane daban-daban, rarrabe bugun farko da na baya ilimi ne mai zaman kansa, BootlegGames Wiki ne inda masu harkar suka fi tara bayani. Na Waixing da Nanjing masu dogon labari suna da batir na ajiye wasa, a duba ko ya zubo ya ci fanel.

Ga su a jere:

| Layi | Farashin tsura | Haɗarin jabu | Ƙarko | Kunnawa | Masu saye |
|---|---|---|---|---|---|
| Tengen | yawanci dala 10 zuwa 30, Tetris ya fi | kaɗan, sai Tetris | mai kyau sosai | ba matsala a NES na Amurka | kullum akwai |
| Camerica | gomomin daloli | kaɗan | fenti yana gogewa | sai an juya makunni | akwai |
| Color Dreams, Wisdom Tree, AVE | daga gomomi zuwa ɗaruruwa | matsakaici, tantancewa da wuya | matsakaici | wani injin ya ƙi | akwai, ba gaggawa |
| Action 52, Cheetahmen II, Myriad | ɗaruruwa zuwa dubbai | babba | ya danganta | ba don bugawa ake saya ba | kaɗan, masu bincike |
| Taiwan da Chana | daga kyauta zuwa abin da aka daidaita | ba ma a san iyaka ba | rauni | sai inji mai haƙora 60 ko adafta | sai ka nemo su |

Kuɗin da ba ya cikin tebur

Mai zaune a Kano ko Zariya ko Maradi lissafinsa ba ɗaya ba ne da na mai zaune a Ohio. Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa nan, sai ka bi ta kamfanin da yake karɓar kaya a can ya turo, ga kuɗin dako ga kwastan ga canjin dala, kaset ɗin dala 15 shi kaɗai sai ya iso maka a ninki biyu ko uku. Saboda haka a ƙananan layuka tarawa ake a aiko goma a kwali ɗaya. Kuma in kaya ya iso ka tarar jabu ne, mayar da shi wata wahalar ce, wa'adin ƙorafi ma yana iya ƙarewa kaya yana hanya. Ranar sayarwa ma haka, masu sayen suna waje, eBay zai cire sama da kashi goma, kuma mai dala dubu biyu ba lallai ya yarda ya tura wa sabon asusu daga nesa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa manyan giwaye su zama mummunan jari a wurinmu ko da na gaske ka samu.

Injin Amurka wutar 120 yake sha, tamu 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta ko caja da ta dace, kuma kar ka kuskura ka sa cajar NES a Famicom, ta NES wutar AC take bayarwa, za ta ƙona ta. Jabun zamani kuma ban da cutar aljihu wasunsu an yi su da aisi mai shan wutar volt 3.3 a inji mai ba da volt 5 ba tare da abin daidaitawa ba, suna wahalar da kansu da injin. Ajiya kuwa zafi da rana su suke kashe sitika, laimar damina ta sa haƙora tsatsa kwali ya yi fumfuna, ƙurar hunturu ta shige ko'ina. Roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan laima, a ɗaki mai inuwa. Haƙora a goge da sifirit da audugar kunne, a daina hura musu iska da baki, yawu ne kake fesa musu.

To wanne ne naka

In sabon shiga ne kai kuma kana son abin da za ka kunna wa yara ku buga tare, Tengen da Camerica, ba sai an ja magana ba. Fara da Micro Machines da Ms. Pac-Man da Klax da Gauntlet, in hannu ya faɗa ka ƙara Tetris bayan ka ga hoton fanel ɗinsa. Ko ka fasa harkar gobe asararka kaɗan ce kuma mai saye ba ya wuya.

In kai mai son kammala jeri ne kana jin daɗin bin bambancin launi da bugu, kuma kana da sukudireba da haƙurin gwada hotuna, Color Dreams da AVE za su riƙe ka shekaru, ka dai tanadi NES mai baki a sama tun farko, ka kuma yanke shawara a kan na Wisdom Tree kafin ka fara.

In kuɗin dala ba su da yawa amma kana da ƙafa da ido, na Taiwan ne naka, kuma shi kaɗai ne layin da zamanka a nan ya ba ka fifiko a kan bature, don kayan sun shigo ƙasashenmu da yawa kuma suna nan a tsofaffin shagunan gyaran rediyo da gidajen gem da aka rufe da ɗakunan ajiya na gidaje. Ka saya a tari da araha, ka kunna ɗaya bayan ɗaya, ka ware masu gem guda ɗaya da masu nauyi, sauran ka bar wa yara.

In kuwa riba kake nema zalla, ko wani ya turo maka hoton Cheetahmen II ko Myriad a rabin kuɗi yana cewa yau kawai, ka riƙe kuɗinka. Manyan giwaye na wanda yake da mutum a Amurka ne da zai je ya riƙe kaset a hannu ya duba, ko zai saya ta gidan gwanjo mai suna da tarihin hannun da kayan ya bi, kuma kuɗin da zai zuba ba na haya ko na makarantar yara ba ne. In cikin su dole sai ka mallaki ɗaya, Action 52 ne mai dama-dama, shi ne mafi araha a ajin kuma cikinsa a bayyane yake tun kafin ka biya.